Yayana ya rasu da ciwon dajin hanta, in je a ɗauki hoton jikina gaba ɗaya?

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekarata 44, ina da mata da 'ya'ya biyar. Wata huɗu ke nan da rasuwar yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shekara 49. Lafiya ƙalau yake fita kasuwa, sai ya fara rama, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Da aka je asibiti aka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Bai cika wata uku ba Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini, ko cikina ya ɗan murɗa sai gabana ya faɗi. Ina zuwa Dubai saro kaya, kuma wani abokina ya ba ni labarin inda ake saka mutum cikin na'urar MRI a ɗauki hotonsa tun daga kai har ƙafa, wai duk cutar da ke ɓoye sai ta fito. Kuɗin da yawa, sai dai in taɓa abin da nake tarawa don kai mahaifiyarmu Umara. Matata ta ce rashin tawakkali ne. Ni dai babu inda ke mini ciwo. In je, ko in haƙura?

Mai zullumi, daga Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba Hajiya da iyalansa haƙurin rashi.

Ga amsar tun da wuri: kada ka taɓa kuɗin Umarar Hajiya saboda wannan hoton. Amma fa ban ce ka koma ka zauna ba. Akwai gwajin jini da nake so ka yi cikin makon nan, a nan Kano, wanda kuɗinsa bai kai na cefanen mako ba, kuma shi ne ya yi daidai da abin da ya faru a gidanku.

Tsoron da kake ji yana kan hanya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kai kuwa ɗan'uwan naka na jini ne. Ka lallashi uwargida ka ce mata bincikar lafiya ba ya rushe tawakkali, ai mai raƙumi ma cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ita ma tana da gaskiyarta, domin ta ga mijinta ya hana kansa barci, yana shirin zuba kuɗi inda ba a tabbatar da amfani ba.

Ita na'urar MRI ba ni da wata ƙorafi a kanta, ni ma ina tura marasa lafiya a yi musu. Ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, ana tura mutum ciki yana kwance. Jikinmu galibi ruwa ne, to na'urar tana motsa ƙwayoyin da ke cikin ruwan nan, ta saurari amsar da suke bayarwa, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Ba ta amfani da irin hasken eksire ko na CT wanda yawansa ke da illa, kuma wajen nuna ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi da wuya a sami kamarta. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka samar da ita, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun karɓi kyautar Nobel a 2003. Hoton jiki gaba ɗaya yakan ɗauki kamar awa guda, kana kwance ba motsi, na'urar tana ta ƙara kamar a maƙera.

Abin da ya sa ya zama abin yayi, kamfanoni ne a Amurka suka mai da shi haja. A watan Agustan 2023 shahararriyar nan Kim Kardashian ta saka hotonta a Instagram kusa da na'urar kamfanin Prenuvo, inda a lokacin ake biyan wajen dala 2,500, sai magana ta bazu ko'ina. Amma a watan Afrilun shekarar, babbar ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa babu isasshiyar hujjar da za ta sa a shawarci mutumin da ba ya jin ciwo, ba shi da wata alamar haɗari, ya yi wannan hoto. Ka lura da waɗanda suka faɗi haka: mutanen da karanta hoto ne sana'arsu, da an yi ta yi su ne za su samu. Kuma har yau ba a yi gwajin da aka raba masu lafiya gida biyu, a ɗauki waɗansu a bar waɗansu, aka ga waɗanda aka ɗauka sun fi tsawon rai ba.

Na san abin da zai zo maka a rai: to mene ne laifin dubawa, ai gani ya kori ji. A nan ne nake so ka ba ni hankalinka.

Jikin ɗan shekara arba'in kamar gida ne da aka daɗe ana zaune a cikinsa. In ka kawo magini ka ce ya bi bango-bango da fitila, sai ya samo tsaga nan, jirwayen ruwa can, alhali gidan zai ƙara shekara hamsin a tsaye. A 2020 waɗansu likitoci sun tattara sakamakon irin wannan hoto da aka yi wa mutum sama da 6,000 marasa wata alamar ciwo. A cikin kowane mutum 100, an ga wani abu da ya saɓa a jikin 95. Kusan 30 aka ce su koma a ƙara bincike. Waɗanda aka yi zargin ciwon daji a jikinsu ba su kai biyu ba. Ko ƙashin baya kaɗai ya ishe mu misali: binciken da aka tattara a 2015 ya nuna rabin masu shekara 40 da ba sa ciwon baya ko kaɗan, in aka ɗauke su hoto, za a ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya turo. Ba ya damunsu, da ba a duba ba har abada ba za su sani ba.

Yanzu ka sa kanka a ciki. A hanta akwai waɗansu 'yan ƙulli na jijiyoyin jini, da 'yan jakunkunan ruwa, waɗanda mutane da yawa ke rayuwa da su har tsufa ba su taɓa yi musu komai ba. A ce an miƙo maka takarda a Dubai an rubuta cewa an ga ɗigo a hantarka, ana shawartar a ƙara bincike, jirginka kuma gobe. Kai da ka yi jinyar yayanka da hannunka, wane irin dare za ka kwana? Ka dawo gida, a sake wani hoto, a ce a jira wata uku a ga ko ya girma, wataƙila a kai ga soka allura a ɗebo tsoka, ita ma da nata haɗarin na zubar jini. Barcin da ka tafi nema ka dawo babu shi, kuɗin Hajiya sun tafi, ga sabon kashe kuɗi. Na sha karɓar mutane da ambulan mai kauri daga ƙasar waje, shafi ashirin ko fiye, mu zauna muna bi layi-layi ina ce musu wannan ba komai, wancan ma ba komai, amma fuskar mutum ba ta sakewa, domin ya riga ya ga kalmar ƙari a rubuce kusa da sunansa.

Akwai ma abin da ya fi wannan wuyar fahimta, wato a gano ciwon daji na gaske wanda ba zai taɓa kashe mai shi ba. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana wannan. A 1999 gwamnatinsu ta fara shirin binciken ciwon daji ga jama'a, sai asibitoci suka riƙa ƙara wa mutane sikanin wuya a farashi mai sauƙi, suna duba halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo. Zuwa 2011 yawan waɗanda ake cewa suna da ciwon dajin wurin ya ninka na 1993 sau 15. Amma yawan masu mutuwa da shi yana nan yadda yake, bai hau ba bai sauka ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata aka cire musu halittar, suka koma shan ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwa, waɗansu muryarsu ta lalace, duk saboda 'yan ƙananan ƙari da za su bi su kabari ba tare da sun taɓa motsawa ba. Sai a 2014 da waɗansu likitocin ƙasar suka fito fili suka nemi a dakata, sannan tiyatar ta ragu. Garin neman gira aka rasa ido. Ba na musun cewa akwai wanda irin hoton nan ya gano wa ƙari a ƙoda da wuri, aka cire, ya tsira. Akwai su, kuma su ne ake nunawa a talla. Waɗanda aka yanka a banza ba wanda ke ɗaukar labarinsu, su kansu ma yawanci godiya suke yi, suna zaton an cece su.

Sannan ga abin da hoton ba ya gani. Ba ya ganin hawan jini, ba ya ganin ciwon suga, biyun da ke kwantar da 'yan kasuwa sa'o'inka da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ba shi ne ake duba cikin hanji da shi ba, ba shi da ƙarfi wajen ƙananan ɗigo a huhu, ba ya nuna toshewar jijiyoyin zuciya yadda ya kamata. Mutum sai ya dawo da takarda fes, ya ɗauka ya sami shaidar lafiya, ya yi watsi da alamar da ta taso bayan wata takwas. Kuma, abin da ya fi damuna game da kai, ba ya ganin ƙwayar cutar da ta fi kowace haddasa ciwon dajin hanta a ƙasarmu.

Ina nufin ciwon hanta nau'in B. A binciken gida-gida da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, an sami kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yakan kore ta. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna musu har girma. A wajenmu yawancin masu ita tun suna ƙanana suka samu, ko daga uwa, ko tsakanin yaran gida ɗaya ta hanyar ƙuraje da raunuka, ko askar wanzami guda da aka yi wa yara da yawa aski da kaciya da tsaga da cire beli. Allurar rigakafinta sai a 2004 ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya, lokacin kai da yayanka kun riga kun girma. Cutar takan yi shekara talatin ko arba'in tana cin hanta shiru, mutum yana kasuwarsa, har hantar ta motse ta yi tauri, ko ƙari ya fito. Shi ya sa a Afirka ta Yamma ciwon dajin hanta ke ɗaukar maza a ganiyar ƙarfinsu, kamar yadda ka bayyana. Ciki ɗaya kuka fito, ɗaki ɗaya kuka tashi, wataƙila wanzami ɗaya ya yi muku kaciya. Ka ga dalilin da ya sa nake gaggawa.

To, ga abin yi. Ka fara neman takardun jinyar marigayi a wurin iyalinsa, ka kai wa likita ya duba abu biyu: an yi masa gwajin ciwon hanta, kuma ciwon dajin a hantar ya fara ko daga wani wuri ya yaɗo? Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin hanta matattara ce, ciwon dajin hanji yakan gangaro can. In a hanji ya fara, to kai abin da ya kamace ka shi ne a zura na'urar leƙa hanji a duba, kuma da shekarunka lokacin ya riga ya yi. Ko an sami takardun ko ba a samu ba, ka je a yi maka gwajin HBsAg, wato gwajin jini na ciwon hanta nau'in B, a haɗa da na ciwon hanta nau'in C, a auna hawan jini da suga a zama ɗaya. Duk wani babban asibiti ko ɗakin gwaji mai rajista a Kano yana yi.

In ya nuna ba ka da ita, alhamdu lillahi, babban kaso na haɗarin da kake tsoro ya sauka daga kanka. Sai likita ya duba ko kana buƙatar rigakafi, allura uku ce cikin wata shida.

In kuwa ya nuna kana da ita, kada ka yanke ƙauna, domin a nan ne sanin wuri yake da amfani na haƙiƙa. Ka nemi ganin likitan hanta, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a auna yawan ƙwayar cutar a jininka da lafiyar hantar. Akwai ƙwayar magani mai suna tenofovir, guda ɗaya a rana, tana danne cutar, tana rage haɗarin motsewar hanta da ciwon daji, ko da yake ba ta kawar da ita ɗungurungum, kuma ba a dainawa sai da izinin likita. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024, mai ɗauke da cutar da aka yi ciwon dajin hanta a danginsa ya cancanci a fara masa magani. Sannan duk wata shida a yi maka sikanin hanta, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, tare da gwajin jini na AFP, wanda ke iya nuna alamar ƙari a hanta. Wannan an gwada shi: a birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mutum sama da 18,000 masu ciwon hanta, aka riƙa duba rabinsu duk wata shida, mutuwa da ciwon dajin hanta ta ragu a cikinsu da kashi 37 cikin 100. Sirrin yana cikin maimaitawar. Ƙarin da ya fito a hanta yana iya ninka girmansa cikin 'yan watanni, don haka hoto ɗaya mai tsada da aka ɗauka bana ba ya ce komai game da baɗi, sikanin mai araha da ake yi sau biyu a shekara shi ke kama shi yana ƙarami. Ranar da sikanin ya ga wani abu, a ranar MRI za ta yi aikinta: hoton hanta kaɗai, da allurar ruwan da ke fito da ƙari sarai, wanda ya fi abin da hoton kai-zuwa-ƙafa zai nuna nesa ba kusa ba.

Kuma wannan magana ta gida ce gaba ɗaya. Hajiya, sauran ƙannenku maza da mata, matar marigayi da 'ya'yansa, uwargida da yaranka, kowa ya kamata a gwada shi, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Duk jaririn da aka haifa a zuri'arku a yi masa allurar farko cikin awa 24. Da kaɗan daga kuɗin hoton mutum ɗaya za ka gwada dangi kaf. Ina roƙonka abu ɗaya: in an sami wani da ita, kada a ware masa kwano ko kofi. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko musabaha, ko zama ɗaki ɗaya. Reza da aska da buroshin haƙori su ne kowa ya riƙe nasa. Na ga matan da aka mayar saniyar ware a gidajensu kan wannan rashin sani, abin yana ci mini rai. Ka kuma kiyayi masu yawo da lasifika suna alkawarin wanke hanta cikin mako biyu, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba sun sha ƙarasa hantar da ta riga ta raunana. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a zubar da su, gubar da ke cikinsu in ta haɗu da ciwon hanta haɗarin ninkuwa yake yi.

Akwai waɗanda hoton jiki gaba ɗaya ya dace da su, don kada ka ji wani an yi masa ka ce na hana ka. Akwai wani lahani na gado da ake kira Li-Fraumeni, inda ciwon daji iri-iri ke bin zuri'a tun suna yara da samari, su ana yi musu duk shekara, kuma an ga amfaninsa. Ana kuma yin sa ga wanda ake zargin yana da ciwon dajin ɓargo. Saboda haka in ka je wurin likita ka ba shi tarihin gidanku sosai: in akwai mutum uku ko huɗu da suka yi ciwon daji suna da ƙuruciya, lissafin zai canja. Haka kuma in ka fara rama ba dalili, ko idanunka suka sauya, ko ciwo ya zauna maka a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ya wuce binciken mai lafiya, ka tafi asibiti a ranar.

In ka gama duk wannan, Allah ya buɗa maka, ka ga har yanzu ranka yana son hoton, kuɗinka ne, ba zan ce ka yi laifi ba. Sai dai ka tanadi likitan da zai karanta sakamakon tare da kai a gida, ka shiga da sanin cewa da wuya a rasa abin rubutawa, kuma ka gaya musu in akwai ƙarfe ko na'ura a jikinka kafin ka kusanci maganaɗisun.

Saura batun barcin. Wata huɗu ba wani lokaci ba ne ga wanda ya rasa yayan da suka tashi tare, ya kuma ga yadda ciwo ya cinye shi a gabansa. Wani ɓangare na abin da kake ji a cikinka alhini ne, kuma babu na'urar da ke ɗaukar hotonsa. Ka riƙa zama da Hajiya kuna hirarsa, ka riƙa leƙa marayunsa, kada ka bar uwargida a waje da abin da ke ranka. In bayan sakamakon gwaji ya fito har yanzu dare yana gagarar ka, ko faɗuwar gaban ta hana ka kasuwa, ka faɗa wa likitan ƙarara kamar yadda za ka faɗi ciwon kai, akwai taimakon da ake yi.

Ka je gwajin kafin Juma'a, ka tafi da Hajiya a yi muku tare, sannan ka ci gaba da shirin bizarta. In sakamakon ya fito ka sake rubuto mini, mu duba mataki na gaba.